Sakatar da ke Cikin Akwatinki

Adjamé, Abidjan

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa ki karanta wannan cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ya tsare miki hanya sama da ƙasa, ya sauke ki lafiya a ƙasar mutane. Na ajiye takardar nan a kan akwatinki domin ki karanta kafin ki rufe shi. Da baki ba ma iya doguwar magana, ni da ke. Ke sai ki juya zuwa Faransanci, ni kuma sai in ɗaga murya, uwarki ta shigo ta ce abinci zai huce. Da gangan na rubuta da Hausa, na san za ta sa ki karanta a hankali.

Kafin ki ce me mai walda ya sani game da girgizar ƙasa, bari in tuna miki wanda ke magana. A troisième, aji huɗu na sakandare, na bar kwaleji, ba wanda ya ce in dawo. Na yi dako a kasuwar Black Market har kafaɗata ta yi kanta. Walda da ido na koye ta, ina tsaye bayan wani mutum da bai taɓa cewa zo in nuna maka ba. Injina na farko ni na naɗa masa wayar tagulla da hannuna. Na kafa rumfa a bakin hanyar Indénié, rumfar ta zama wurin aiki mai rufi da ma'aikata. Na gina gidan nan, na kai uwarki Makka, na kai kaina, na kai ki jami'a. Ban ci gadon kowa ba, ban bi ƙofar wani babban mutum ba. Ki bi layinmu ki duba tagogi, ƙarfen antivol na hana ɓarayi da ke jikinsu aikina ne. Ki haye gada ki shiga Treichville, manyan ƙofofin rumbunan da ke bakin tashar jiragen ruwa da yawa daga hannuna suka fito. Ɓarawo in ya gane ɗinkin waldata, gidan gaba yake wucewa.

Amma duk wannan a kan ƙasar da ba ta motsi na yi shi. Ke kuwa Indonesiya za ki, karatun duwatsu masu aman wuta, inda ƙasa ke motsi ba ta nemi izinin kowa ba. Ban so tafiyar nan ba, kin sani. Na faɗa, an ji, ya wuce. Yanzu abin da ya dame ni ƙarami ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba.

Shekaranjiya da muke ɗaga akwatinki don mu ji nauyinsa, na sa hannu a ƙasan zannuwanki na ji ƙarfe. Sakatar tafiyata ce. Uwarki ce ta ɗauko ta daga wurin aiki ta sa miki, ta kuma ce ke ma kin yi murna. Kin san ta: sandar ƙarfe mai ƙafa, a tokare ta ƙarƙashin hannun ƙofa daga ciki, a ɗaure ta da noti har sai ta ciji ƙasa. Ni na ƙera ta saboda ɗakunan otal, don ban yarda da makullin da wani ke da irinsa ba. In an ɗaure ta, ƙato uku ba sa tura ƙofar. Ban cire ta ba. In na cire, uwarki za ta mayar, ko ke ki sayi wata a can. Ke nake so ki cire ta da hannunki, bayan kin ji dalili.

Kin sha jin labarin girgizar da ta same mu a Turkiyya, amma a bakin Tonton Isa kika ji, aminina mai sayar da kayan mota a Black Market, shi kuwa kowace shekara labarin ƙara tsawo yake yi. Ga yadda abin ya faru.

Mun je sayen fallayen ƙarfe da makullai a wani gari na bakin teku. Ɗakina yana bene na sama, na Isa yana kusa da nawa. Mun yi azahar, na shiga in miƙe bayana kaɗan, na ɗaure sakata kamar kullum. Da rana tsaka fa, a otal mai mai gadi. Isa ya sha yi mini dariya a kan haka, yakan ce ko Makka na je sai na tokare ƙofa. Hali ne. Wanda ya girma a Adjamé bai san barci a bayan ƙofa mai makulli ɗaya ba.

Da farko wata 'yar rawa na ji a gadon, gilashin taga yana kaɗawa. Ban ko ɗaga kai ba. Na ce a raina babbar mota ce ta wuce, irin masu fitowa daga tashar jiragen ruwa su girgiza Treichville gaba ɗaya. Wannan ne kuskurena na farko, kuma kowane ɗan Abidjan zai yi shi, domin mun saba da ƙasa mai rawa saboda mota. Daga baya ke kika gaya mini girgiza kashi biyu take zuwa, ƙarama mai sauri ta riga, babbar ta biyo baya. To wannan ɗan tsakanin da Allah ya ba ni, a kwance na cinye shi. Ke kada ki tsaya neman sunan abin da ya motsa. In ƙasa ta yi rawa a can, ki ɗauka ita ce, in ya so daga baya ki yi wa kanki dariya.

Sai babbar ta zo. Ba zan iya kwatanta miki ƙarar ba, daga ƙasa take fitowa, a ciki kake jin ta kafin kunne. Na miƙe na nufi ƙofa, ƙasa ta jefar da ni. Na sake miƙewa, ta sake jefarwa. Kabad ɗin kaya ya faɗo daidai inda kaina yake a kan gado ɗazu. Wannan ma wauta ce, gudu lokacin da ake girgiza. Ba a gudu, ƙafa ba ta da abin takawa. Ki durƙusa, ki shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ki riƙe ƙafarsa, ki kare kanki da wuyanki har ta lafa. Wannan kin fi ni sani, yana cikin littattafanki. Abin da ba ya cikin littattafanki shi ne abin da ya biyo baya.

Da ta lafa na rarrafa zuwa ƙofa, na kama notin sakata, ya ƙi juyawa. Ginin ya ɗan karkace, bakin ƙofa ya murɗe, nauyin duk ya sauka a kan ƙarfena. Ƙofar otal ɗin katako ce mara kirki, da ita kaɗai ce da kafaɗa ɗaya na fasa ta. Abin da ya riƙe ni aikina ne, kuma na yi shi da kyau. Ina jin mutane suna sauka a matakala, ana kiran yara, ƙafafu suna raguwa. Ina jin warin gas yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na duba taga, bene ne mai nisa.

Isa bai sauka ba. Yana bugun ƙofa yana cewa in buɗe. Na ce masa ba ta buɗuwa. Ya ce wane ɗan iska ne ya yi wannan ƙofa? Na ce ƙofar ba ta da laifi, sakatata ce. Sai ya ce:

“Sani, yau ka kama ɓarawo. Ga shi nan a ciki.”

Ya sauka ya dawo da tukunyar kashe gobara, ya dinga dukan katakon har ya huda tsakiyarsa. Ta wannan rami na fito, da ƙafa ɗaya babu takalmi, gilashi ya yanke ni. Sakatar tana nan tsaye a bayana, ba ta ko gusa ba. Mai otal ne ya aiko mini da ita daga baya cikin kayana, sai da suka yanke bakin ƙofar kafin ta saki. Ita ce a cikin akwatinki yanzu.

Ki fahimci abin da nake gaya miki. Mu nan duk abin tsoronmu daga waje yake zuwa, shi ya sa muke rufe kanmu, ni kuma da wannan tsoron na ci abinci na ciyar da ku. Tun kina ƙarama ni na koya miki: a murɗa makulli sau biyu, a zare shi, a ja sakata, a sa kwaɗo. Na yi miki faɗa a kan haka har kin yi kuka. A can abin tsoron ɗakin ne da kansa. Bango da rufi da kabad su ne za su neme ki, kuma duk abin da kika sa don hana mutum shigowa shi zai hana ki fita. Girgiza kuwa ba ta zuwa sau ɗaya. Tana da 'ya'ya masu biyo ta, ginin da ta farko ta tsaga, ta biyu ce ke kayar da shi. Tsakaninsu ne mutum ke fita, in ƙofarsa ta yarda.

Da muka fito titi na sake yin wani kuskuren. Na tsaya a gindin ginin na ɗaga kai ina duba ƙarfen baranda, ina so in ga ko waldarsu ta riƙe. Sana'a ce ta ja ni. Ƙasa ta sake motsi, wani guntun siminti ya faɗo kusa da ƙafata har ƙura ta shiga bakina. In kin fita, ki yi nisa da bango da wayoyin lantarki. Kada ki koma ɗauko komai, ko fasfo ne. Ta matakala za ki sauka, ban da asansar, wato lif.

To nisa da bango, ina? Na duba, na hango fili a bakin teku, shimfiɗaɗɗe, babu gini. Na ce wa Isa can za mu. Mutanen garin duk hawa suke yi, suna bin tituna masu tudu, mu biyu kaɗai muke gangarawa. Isa ya ce ko dai mu bi su? Na ce tsoro ne ya ruɗa su, wa ke shiga tsakanin gine-gine bayan girgiza? Ni ne babba, ya bi ni.

Muna isa muka tarar ruwa ya ja baya. Ƙananan jiragen masunta suna kwance a kan laka, sun karkata, kifi yana tsalle a inda ɗazu teku yake. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, sha'awa ma abin ya ba ni. Isa ya ce da a Treichville ne da yanzu mata sun cika wurin da kwanduna. Muna cikin kallo wata tsohuwa mai ɗankwali ta zo da sauri, ta buge ni da jakarta a baya, tana nuna tudu tana magana da yarensu. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na ga fuskarta. Muka bi ta. Ni da ƙafa mai jini, ita da tsufanta, kuma ta riga mu.

Daga sama muka ga dawowar ruwan. Ba irin dogon bangon da ake nunawa a talabijin ba ne. Kin san yadda ruwa ke cika mahaɗar Indénié in an yi ruwan sama mai ƙarfi? Haka, sai dai da gudu, kuma ba ya tsayawa. Ya hau filin da muka tsaya, ya kwashe kujerun masu shayi da ƙananan motoci ya shiga da su cikin gari. Ya ja baya, wasu suka fara sauka, ya sake dawowa, na biyun ya fi na farko. Kin ce wanda muka gani ƙarami ne, a inda za ki ana samun wanda ke haye rufin gida. Saboda haka in ƙasa ta girgiza kina kusa da teku, kada ki jira sanarwa, kada ki jira ki ga ruwa ya ja, domin kin ce ba kullum yake ja ba. Ki hau tudu da ƙafa, ki zauna can har masu garin su ce a sauko. In kika ga mutanen wuri sun nufi gefe ɗaya, ki bi su, ko da kin fi su karatu. Ni ban fi su karatu ba ma, taurin kai ne kawai, kuma ke kin gaje shi.

Ranar da kika ɗauki faranti biyu a wurin cin abinci kina goga gefensu, kina cewa haka fatar duniya take, gutsattsari ne masu turin juna, na ce miki tatsuniyar Turawa ce. Na yi tunani a kai daga baya a wurin aiki. Ƙarfe in ka matse shi kana lanƙwasawa, yakan yi shiru ya jure, ba ka ganin komai, ƙarfin yana taruwa a cikinsa, sai ya ɓalle gaba ɗaya ya doki wanda ke kusa. In haka ƙasa take yi, na gane. Na kuma gane shirun wuri ba ya nufin lafiya. Kada wani mai gida ya ce miki unguwarsu ta daɗe ba ta motsa ba ki ji daɗi.

Da na ambaci mai gida: in za ki kama ɗaki, ki fara duba ƙasan ginin kafin samansa. In kika ga ƙasan duk shaguna ne, babu bango sai 'yan siraran ginshiƙai, ki wuce. Mu nan muna cire ginshiƙi don shago ya faɗaɗa, ni da kaina na sha sa ƙarfe a madadinsa, kuma yana tsayawa domin ba abin da ke tura shi ta gefe. A can za a tura shi. Ki tambaya ko wurin cike shi aka yi, irin bakin lagun, tafkin da ya ratsa garinmu, tunda ke kika ce irin wannan ƙasa takan koma kamar kunu. Kada ki rataye komai saman gadonki. Takalmi mai rufi ya kwana kusa da ƙafarki.

Dutse mai aman wuta ban taɓa gani ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Wutarsa ba ta dame ni sosai ba, ana ganin ta, kowa ya san ya gudu. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar da kika yi cewa yana fitar da wata iska mai nauyi, mara wari, mai kwanciya a kwari da rami. Wannan na san ta. Ina saurayi na shiga cikin tankin wata motar dakon kaya a bakin tashar jiragen ruwa zan toshe huda. An ce an wanke shi, ni ma na sunsuna ban ji komai ba. Ina cikin aiki kaina ya yi nauyi, na ce gajiya ce, bari in zauna a ƙasa in huta. Zaman ne ya kusa kashe ni, domin a ƙasan mugunyar iskar take. Da igiyar da ke ƙuguna aka jawo ni. In kina kan dutsen nan kika ji kanki ya yi nauyi ko numfashi ya gajarta, kada ki zauna, ki hau sama. In kika ga matattun tsuntsaye a kwari, kada ki sauka duba abin da ya kashe su. Kada ki je ke kaɗai, ko don ki nuna wa mazan ajinku ba kya tsoro. Tokarsa kuma kin ce ba tokar itace ba ce, niƙaƙƙen dutse ne. To irin ƙurar injin gurza ƙarfe ke nan: ba a murza ido, da ruwa ake wankewa, a rufe hanci da baki.

A masallacinmu wani ya tare ni ya ce me ya sa zan bar 'yata ta je ƙasar da Allah ke fushi da ita. Na ce masa Musulmin can sun fi mu yawa, kuma ruwan da ke cin Indénié kowace damina zunubin wa ne? Ajali yana hannun Allah, a nan ko a can. Amma hankali ma shi ya ba mu, zai kuma tambaye mu me muka yi da shi.

Yanzu maganar uwarki. Tsoronta gaskiya ne, ban raina shi ba. Mace ke kaɗai, a ɗakin haya, a ƙasar da ba ki da kowa. Ni ma in na tuna haka sai in ji kamar in ƙera miki sakata biyu. Ban ce ki kwana ƙofa a buɗe ba. Ki nemi makulli mai kyau guda ɗaya, irin wanda ake murɗawa da hannu daga ciki ba sai da ɗan makulli ba. In na ɗan makulli ne, ya kwana a jikin ƙofa. Ban da kwaɗo, ban da tokara, ban da jan tebur a jingina. In tagar tana da ƙarfe, ki tabbata akwai wadda ke buɗuwa daga ciki, in babu ki nemi wani ɗaki. Ki san maƙwabtanki, ki gaishe su, ki kai musu abinci ranar Juma'a, su san akwai mutum a bayan wannan ƙofa. Ɓarawo zai ɗauki waya da kwamfuta, a sayi wasu. Ki ciro ƙarfen nan ki ajiye mini a kan teburina kafin mu tafi filin jirgi. Ba sai kin ce komai ba, in na gan shi na san kin karanta. Uwarki ki bar ni da ita, ni zan yi mata bayani.

Allah ya tsare ki daga abin da ke ƙarƙashin ƙasa da abin da ke cikin ruwa da abin da ke cikin zukatan mutane. Allah ya haɗa ki da nagari, ya ba ki abin da kika je nema, ya dawo mana da ke da ƙafafunki. Na yafe miki duk wata magana da muka yi da zafi, ke ma ki yafe.

Abu na ƙarshe, kuma wannan ba shawara ba ce, umarni ne. In kin isa, makarantarku za ta tambaye ki wa za a kira in wani abu ya faru. Na san abin da za ki yi, za ki ba da sunan kawunki Nuhu, ƙanen uwarki, saboda yana aiki a ofis kuma yana jin harsunan Turawa. Ban yarda ba. Sunana za ki rubuta, a layin farko, cikakke, da manyan baƙaƙe. In ban ji yarensu ba zan nemo mai fassara, na sayi ƙarfe a ƙasashen da ban san ko gaisuwarsu ba. In labarin alheri ne, ni na fi kowa haƙƙin fara ji. In kuwa ba na alheri ba ne, ba na so uwarki ta ji shi a bakin kowa sai nawa.

Ki rubuta shi haka:

ALHAJI SANI GARBA MAIWALDA, mahaifinta.